Muhawarar Bill Nye da Ken Ham: shin awon kabon ƙarya ne?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani guntun bidiyo da ke yawo a Facebook da WhatsApp, an yanko shi daga muhawarar Bill Nye, Ba'amurke mai shirin koyar da kimiyya a talabijin, da Ken Ham, Kirista mai wa'azin cewa duniya ba ta daɗe da halitta ba. Ham yana cewa an tono itace a cikin wani dutse a Ostareliya, da aka auna dutsen sai ya ba da shekara miliyan 45, itacen da ke cikinsa kuma ya ba da shekara dubu 45. Wanda ya ɗora bidiyon ya rubuta cewa da wannan an gama da awon shekaru kwata-kwata. Masana, ina gaskiyar take?

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam ƙanena. An yi muhawarar ne ranar 4 ga Fabrairun 2014 a gidan tarihin da ƙungiyar Ham ta gina a Petersburg, jihar Kentucky ta Amurka, kuma ta haura awa biyu da rabi. Ham yana kan cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba. A kan maganar itacen nan kuwa, amsar da Nye ya bayar ba ta yi ƙarfi ba, ya ce wataƙila dutsen ne ya zame ya hau kan itacen. Amsar da ta dace tana cikin lambar ita kanta.

Itacen da awon kabon-14 aka auna shi, wani nau'in kabon da ke rikiɗa da kansa yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Mai rai, tsiro ne ko dabba, yana ta ɗibar kabon muddin yana raye, kuma a cikin ƙwayar zarra tiriliyan ɗaya ta kabon ɗinsa kusan ɗaya tak ce kabon-14. Da ya mutu ɗiba ta tsaya, sai raguwa. Bayan shekara 5,730 saura rabi, bayan 11,460 saura rubu'i, bayan 57,300 saura kashi 1 cikin 1,024 na wannan ɗan ƙanƙanin. Shi ya sa awon ba ya wuce wajen shekara 50,000. Idan ka kai wa na'ura abin da ya kai shekara miliyan 45, babu nasa kabon-14 ko ɗigo, amma na'urar ba za ta ba ka sifili ba. Za ta karanta ɗan gurɓatar da ta shiga samfurin daga ruwan ƙasa, ƙwayoyin cuta, hannun mai tono da sinadaran ɗakin gwaji. Sabon kabon kashi 1 cikin 100 kawai ya shiga abin da ba shi da ko kaɗan, sakamakon zai fito wajen shekara 37,000. Kashi 4 cikin 1,000 zai ba ka wajen 45,000. Wato 45,000 ɗin nan fassararsa ita ce “ya fi ƙarfin wannan awon”.

Kafi-Gardama: Malam, da girmanka, amma wannan ai kamar dabarar kauce wa tambaya ce. In lamba ta yi muku daɗi ku ce daidai ne, in ba ta yi ba ku ce gurɓata.

Anti Mai Duwatsu: Ba bayan an ga sakamako ake ƙirƙiro maganar gurɓata ba, ana auna ta tun farko. Kowane ɗakin gwaji na kirki yana haɗa samfurinka da wani abu da aka san kabon-14 ɗinsa ya ƙare tuntuni, kamar tsohon gawayin ƙasa, a bi da su ta hanya ɗaya. Abin da wancan ya karanta shi ne iyakar na'urar a wannan zagayen. Duk samfurin da ya faɗo kusa da wannan iyaka, a takardar sakamako ana rubuta “ya haura shekara kaza” ne, ba a ba shi lamba tsayayya.

Kafin awo kuma akwai wanki. Itace ko gawayi ana kankare bayansa, a cire saiwoyin da suka ratsa shi, a jiƙa a asid mai rauni don narkar da farar ƙasar da ruwa ya bari, a ɗauraye, a sa a ruwan soda don cire dattin ruɓaɓɓen ganye da ya shiga daga ƙasa, a ɗauraye, a sake mayarwa asid saboda sodar tana zuƙar iskar kabon daga ɗakin. Wanda ya tsallake matakin ƙarshen nan ya ƙara wa samfurinsa sabon kabon da hannunsa. Daga nan a ƙona, a mayar da hayaƙin ya zama baƙin kabon tsantsa, kamar miligiram ɗaya ya isa, na'ura ta ƙirga ƙwayoyin. Ƙashi ya fi wuya, don ana buƙatar sinadarin kolajin da ke cikinsa, shi kuma a ƙasa mai zafi irin tamu yana lalacewa da wuri.

Kafi-Gardama: To dodon koɗin da aka auna yana da rai aka ce ya shekara dubu 27 fa, Anti? Shi ma iyakar na'ura ce?

Anti Mai Duwatsu: Wannan ya faru, a maɓuɓɓugan ruwa na kudancin Nevada, kuma masanin da ya auna shi ne ya wallafa a 1984 don ya nuna matsalar. Ba wani ne ya kama shi yana ɓoyewa ba. Dodon koɗi yana gina ƙoƙonsa da kabon da ke narke a ruwa. Ruwan nan ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana ratsa dutsen farar ƙasa, kabon ɗin da ya kwaso tsoho ne wanda kabon-14 ɗinsa ya ƙare. Don haka dabbar tun tana raye take ɗauke da “tsufa”. Haka halittun teku suke, su kan nuna ƙarin shekara wajen 400 a matsakaici, a tekun Antatika ma fiye da dubu. Ƙa'idar ita ce, kafin ka auna abu ka tambayi inda ya samo kabon ɗinsa. Hatsi, gawayi da itace daga iska suka samo, su ne abin dogaro.

Ɗan Damagaram: Ku ba shi misalin kwalekwalen Dufuna mana, tunda na gida ne.

Malamin Fiziks: Madalla. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da shi a zurfin kusan mita 5. Tsawonsa mita 8.4. An fito da shi a 1994, aikin haɗin gwiwar jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt. Ɗakunan gwaji biyu daban-daban a Jamus suka auna, ɗaya ya samu shekara wajen 7,300, ɗaya wajen 7,700. Amma za ku ji ana cewa ya shekara kusan 8,000 ko fiye, kuma ba ƙari aka yi ba. Yawan kabon-14 a iska bai tsaya cak ba a tarihi, yana hawa yana sauka, saboda haka lambar da na'ura ta bayar sai an gyara ta da jadawali. Jadawalin da zoben bishiyoyi aka gina shi: a ƙasashe masu sanyi bishiya tana ƙara zobe ɗaya duk shekara, ana jera tsofaffin katakai zobe ya hau kan zobe har baya fiye da shekara 12,000, a auna kabon na zoben da aka san shekararsa da ƙirge. A zamanin Dufuna gyaran ƙara shekaru yake yi, ba ragewa ba. Sannan a tuna shekarar da bishiyar ta yi wannan zoben ake aunawa, ba ranar da masassaƙi ya sa gizago ba. Ko ta yaya ka lissafa, mutumin da ya sassaƙa kwalekwalen nan ya riga ranar da Ham yake cewa an halicci duniya da kusan shekara dubu biyu.

Ɗan Wusasa: Bari in sa baki a nan, don kada a ɗauka Ham bakin dukan Kirista yake magana. Lambar 6,000 daga lissafin zuriya ta fito. Babban limamin Armagh a Ayalan, James Ussher, ya tattara shekarun kakanni da ke Littafin Farawa sura 5 da 11, ya haɗa da tarihin sarakuna, a 1650 ya fitar da shekara ta 4004 kafin Almasihu. Wanda ya bi tsohuwar fassarar Girkanci zai samu wajen 5500, kalandar Yahudawa kuma daga 3761 take farawa. Kun ga ko a cikin gida lambar ba ɗaya ba ce. Wannan salon na cewa Ruwan Tsufana na zamanin Nuhu ne ya shimfiɗa dukan duwatsun duniya a shekara guda, littafin da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar a 1961 ne ya yaɗa shi a Amurka. Cocin Katolika da Angilika ba su ɗaure kansu da shi ba. Ɗaya ma daga cikin waɗanda suka fara kawo lissafin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, Georges Lemaître, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam.

Malam Na Tsangaya: Ni ma abin da ke ɗaure min kai ke nan, yaranmu suna yaɗa bidiyon Ham kamar hujjarmu ce. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ce duniya shekararta 6,000. Alƙur'ani ya ce an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, kuma shi ɗin dai ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu a Suratul Hajji aya ta 47, da mai tsawon shekara dubu hamsin a Suratul Ma'arij aya ta 4. Amma a raba zance biyu. Tsufan duniya daban, asalin ɗan Adam daban. Halittar Annabi Adamu alaihis salam nassi ne, ba na ja a kai, kuma awon dutse bai taɓa wannan ba. Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce Malam ya sa hannu a kan komai.

Sarkin Zaure: Allah gafarta Malam, an ji. Maganar asalin ɗan Adam a ajiye ta sai an buɗe mata nata zaren. Yau awo kawai.

Ɗan Kurna: To in kabon ya tsaya a 50,000, miliyoyin nan da biliyoyin daga ina ake samo su?

Anti Mai Duwatsu: Daga wasu sinadaran da ke raguwa a hankali ƙwarai, kuma dutsen da ya taɓa narkewa ake aunawa, ba ƙashi ba. Wanda ya fi ƙarfi shi ne na yuraniyam. Akwai wani ɗan ƙaramin ma'adini, zirkon, sau da yawa bai kai ƙwayar yashi ba. Lokacin da yake daskarewa yana karɓar yuraniyam a jikinsa amma yana ƙin dalma. Saboda haka dalmar da ka tarar a ciki daga baya ta samu, daga rikiɗar yuraniyam. Daɗin abin agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya: yuraniyam-238 yana zama dalma-206, rabinsa na tafiya a shekara biliyan 4.47, yuraniyam-235 kuma yana zama dalma-207, rabinsa a shekara miliyan 704. In ƙwayar ta zauna lafiya, agogon biyu za su ba da shekara ɗaya. In zafi ko ruwa ya sa dalma ta zurare, za su saɓa, kuma saɓanin ne zai tona asirin samfurin.

Aikin kansa: a farfasa dutse kilo kaɗan, a niƙa, a tankaɗe, a wanke masu sauƙi su tafi, a bi da maganaɗisu, a zuba a ruwa mai nauyi zirkon ya nutse, a tsince shi ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai a goge shi a ɗauki hoton cikinsa kafin a harba masa haske, domin wata ƙwayar tsakiyarta tsohuwa ce da aka gada daga wani dutsen, bayanta sabo. Wanda ya harba a kan iyakar biyun zai samu lambar da ba ta kowa ba. Mafi tsufa da aka samu daga Jack Hills ne a yammacin Ostareliya, shekara biliyan 4.4. Shekarun duniya kuma, biliyan 4.55, Clair Patterson ne ya fitar a 1956 daga dalmar duwatsun da suka faɗo daga sama. Babbar wahalarsa gurɓata ce: dalmar man fetur ta cika iska da ƙura har sai da ya gina ɗaki na musamman mai tsabta, kuma daga nan ya shiga yaƙi da zuba dalma a fetur.

Kafi-Gardama: Na ji. Amma dutsen St. Helens mai aman wuta na Amurka fa? Dutsen da kowa ya ga fitowarsa, aka auna aka ce shekara dubu ɗari uku da hamsin.

Anti Mai Duwatsu: Steve Austin ne, ɗaya daga masu ra'ayin Ham. Ya ɗebo dutsen da ya daskare a 1986, ya kai awon fotasiyam da agon, ya wallafa a 1996: dutsen dunƙule 350,000, wasu ma'adinan da ya ware har miliyan 2.8. Fotasiyam-40 yana rikiɗa, wani ɓangarensa ya zama iskar agon, kuma rabinsa sai shekara biliyan 1.25 yake tafiya. A shekara goma agon ɗin da zai taru bai kai abin da na'urar za ta iya bambancewa da ragowar da ke maƙale a bututunta ba. Kamar ka ɗora zoben zinare a sikelin da ake auna tirela ne, ka ce sikeli ƙarya ne. Ga kuma tsofaffin ƙwayoyin ma'adini da narkakken dutsen ya kwaso daga ƙasa ba su gama narkewa ba, suna riƙe da tsohon agon ɗinsu. Gwajin da ya dace an yi shi a 1997 a Berkeley da ingantacciyar hanyar agon da agon, inda ake ɗumama ƙwaya mataki-mataki a ga ko akwai agon na gado. Suka auna tokar dutsen Vesuvius da ta binne garin Pompeii na Italiya a shekara ta 79 miladiyya, suka samu shekara 1,925, da yiwuwar kuskuren 94 sama ko ƙasa. Amsar tarihi a lokacin 1,918 ce.

Ɗan Damagaram: Amma don adalci, Anti, ba kowace lamba ce ke da wannan ƙarfin ba. Ƙasusuwan dainoso na ƙasarmu, irin Nigersaurus na Gadoufaoua mai haƙora sama da 500, ana cewa shekara miliyan 110 da wani abu, amma ba ƙashin aka auna ba. Inda aka yi sa'a akwai tokar aman wuta sama da ƙasan shimfiɗar, sai a auna su a ce ƙashin yana tsakani. Inda babu, sai kwatanta halittun da na wasu wurare da aka auna. Jobaria na yankin Agadas da farko an sa shi wajen miliyan 135, a 2009 aka sake duba shimfiɗar aka mayar da shi baya, fiye da miliyan 160.

Anti Mai Duwatsu: Gaskiyarka, kuma irin wannan gyaran zai ci gaba. Sai dai daga 135 zuwa 160 ne, ba daga miliyan 135 zuwa dubu shida ba.

Kafi-Gardama: Ga tambayar da nake ganin ba ta da amsa, ita ce ta Ham: kuna wurin? Wa ya tabbatar muku saurin raguwar nan bai taɓa canzawa ba?

Malamin Fiziks: Ita ce tambaya mafi kyau da aka yi yau. An gwada da zafi, sanyi, matsi da sinadarai, irin waɗanda ake awon dutse da su ba su motsa yadda zai taɓa lissafi ba. Na baya kuma akwai shaidu. A 1987 an ga fashewar wani tauraro da haskensa ya yi tafiyar shekara wajen 168,000 kafin ya iso, kuma dusashewar hasken ta bi saurin raguwar kobal-56, sinadarin da fashewar ta samar, rabi duk kwana 77, daidai da na ɗakin gwaji a yau. Sai Oklo a Gabon. Yuraniyam na ko'ina, har na Arlit, kashi 0.720 cikin 100 nasa ne yuraniyam-235. A 1972 Faransawa suka ga na Oklo ya ba da 0.717, da aka bi sawu aka gano wurin ya taɓa kunna kansa kamar tashar nukiliya shekara kusan biliyan 2 baya. Hakan ba ya yiwuwa da 0.72, sai da kashi 3 zuwa 4, kuma in ka mayar da lissafin raguwar baya shekara biliyan 2 abin da kake samu ke nan. Na ƙarshe zafi ne. Kowace rikiɗa tana sakin zafi. In ka matse na shekara biliyoyi cikin shekara guda ta Ruwan Tsufana, ɓawon duniya zai narke. Masu binciken ɓangaren Ham da kansu, a rahotonsu na 2005, sun amince wannan matsalar ba su warware ta ba.

Kafi-Gardama: Na tauraron ya shige ni. Na Oklo sai na zauna da kalkuleta tukuna, don ina jin ƙamshin an sa amsa a cikin tambaya.

Ɗan Kurna: Ina son in kalli cikakkiyar muhawarar a talabijin tare da 'yan gida, ba a waya ba. Baffa, ya ake yi?

Baffa Mai Dish: Tana YouTube kyauta, ɗana. Magana ce da allunan rubutu, 360p ko 480p ya wadatar, kada ka ƙona data a kan 1080p. In za ka sa a filashi ka soka a risiba, kula da abu uku. Fayil ɗin ya zama MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC, don ƙananan risiba da yawa ba sa karanta WebM ko H.265, shi ne za ka ga hoto babu murya ko baƙin allo. Filashin ya zama FAT32, amma shi ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura 4GB, wani dalilin ke nan na rage inganci. Turancinsu na da sauri, musamman Ham da harshensa na Ostareliya, don haka ka sauko da rubutun ƙasa na SRT, ka ba shi suna iri ɗaya sak da na bidiyon, a jaka ɗaya. Harafi ɗaya ya bambanta ba zai fito ba. In talabijin ɗin ta ƙi ganin filashin, gwada ƙarami, 8GB ko 16GB, wasu tsofaffin ba sa jan manya. Ka sa ido wajen tambayoyin ƙarshe, inda aka tambaye su abin da zai sa su canza ra'ayi.

Malamin Fiziks: In akwai yara a gidan, ga gwajin da zai sa su gane raguwa da rabi kafin kallon. A samo dayis ɗin ludo 60 ko 100, a zuba a kwano a watsa a tire, a cire duk wanda ya nuna shida, a rubuta saura, a sake watsawa. Kowane zagaye kashi ɗaya cikin shida ke fita, don haka rabi zai tafi a wajen zagaye na 4, rubu'i ya rage a wajen na 8. Daga 100 za ka ga kamar 83, 69, 58, 48. Ba zai fito daidai haka ba, kuma da an sauko ƙasa da 10 lambobin za su fara tsalle, wani zagayen babu wanda zai fita, wani uku su fita. A maimaita sau biyar a haɗa jimla, layin zai gyaru.

Ɗan Wusasa: Dayis ɗari ai sai mai shago. Marafen kwalbar lemo ba za su yi ba?

Malamin Fiziks: Za su yi, amma kada ka ɗauka rabi da rabi suke faɗuwa, gefe ɗaya ya fi nauyi. Ka fara watsa duka ɗarin sau goma ba tare da cire ko ɗaya ba, ka ƙirga nawa ke kifewa a matsakaici. In 40 ne, to kashi 60 ke saura kowane zagaye: 100, 60, 36, 22, 13. Kuma a watsa daga tsayi ɗaya a kan tabarma ɗaya, don a siminti suna tsalle su canza lissafin.